Kifin Kallo, Ba na Miya Ba

Jama'a, yau bakin ruwa muka nufa, amma ba da koma ko fatsa ba. Zancen masu ajiye kifi a tankin gilashi cikin falo ne, kifin da ake ciyarwa shekara da shekaru ba a taɓa ɗanɗana romonsa ba. A sauke tukunya, a gyara zama.

Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne, ranar sayen tanki daban, ranar sayen kifi daban. Za ka cika ruwa, ka kunna matata, ka yi mako 4 zuwa 6 kana kallon fanko, baƙi suna tambaya ina kifin. Ka ce musu an ɗaura aure, tarewa ce ta rage.

Jiran na ƙwayoyin bakteriya ne. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce, sai wasu bakteriya da ke zaune cikin soson matata su mai da ita naitirayit, shi ma guba, wasu kuma su karɓa su mai da shi naitiret mai sauƙin illa. 'Yan shara ke nan, ba albashi, ba yajin aiki.

To su waɗannan ma'aikata sai da abinci suke yaɗuwa, don haka gwanaye sukan riƙa barbaɗa abincin kifi a tankin da babu kifi ko ɗaya, ya ruɓe ya ba da amoniya. A ja labule dai, kada maƙwabta su ga kana ciyar da ruwa a ce a kira mai ruƙiyya.

Akwai hanyar ratse: ka roƙi wani tsohon hannu ya yago maka ɗan dattin soson matatarsa ka cusa a taka, bakteriya su zo da kayansu. Kamar haɗa kindirmo ne, sai da ɗan tsohon nono sabo ke kamawa. A nan ne kawai kyautar datti take zama karamci.

Yawancin amoniyar nan ba ta bayan gida take fita ba. Ta jan naman nan na gefen kai da kifi ke numfashi da shi take tsiyayowa, dare da rana. Ƙofa ɗaya, shiga da fita.

Kifin ruwan daɗi kusan ba ya shan ruwa, domin ruwan da kansa yake ratsa jikinsa, aikinsa kawai fitsari ba ƙaƙƙautawa. Na teku kuwa, da gishiri ke zuƙe masa ruwan jiki, shi ne mai kwankwaɗa. Wanda ke cikin daula bai san ƙishi ba.

Kowa yakan ce bari in fara da ƙaramin tanki in koya, alhali ƙaramin ya fi wuyar riƙewa. A lita 20 ƙazanta da zafi sukan juya ruwa cikin 'yan sa'o'i, a lita 80 kuwa kuskurenka yana samun wurin narkewa. Cokalin gishiri a kofi da cokalin gishiri a randa ba ɗaya ba ne.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Tanki mai lita 100, in aka haɗa da gilashi da tsakuwa, ya zarce buhun siminti biyu nauyi, kuma a wuri ɗaya zai zauna shekaru. Teburin roba ya ce a gaishe ku.

Ruwa garau kamar hawaye zai iya zama guba, domin amoniya da naitirayit ba su da launi. Sai an ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalba launi ya tona asiri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A tankin kifi bai sani ba.

A makon farko kuma ruwan yakan yi fari kamar an zuba tsinkakken koko, hankalin mai tanki ya tashi ya ɗauko bokiti. Bakteriya ne suka yi ambaliya, in an ƙyale su cikin 'yan kwanaki ruwa zai washe da kansa. Maganin wannan ciwo shi ne naɗe hannu.

Kilorin da ake zubawa a ruwan famfo don lafiyarmu yana ƙona wa kifi wurin numfashi. In kilorin ne zalla, ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe zai tashi, amma ɗan'uwansa kiloramin ba ya tashi sai an ɗiga maganin kashe shi. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da wannan, sai dai su ma a gwada kafin a yi musu shaida.

Ga inda masu tsabta ke faɗawa. Ka wanke soson matata fes a ƙarƙashin famfo, ka kashe bakteriyar da ka yi wata guda kana raino. Ka sa omo ko sabulu, ka haɗa da kifin. A ɗan matse shi kawai cikin tsohon ruwan tanki, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ba a juye ruwa duka. Kashi ɗaya cikin huɗu ake zuƙewa da tiyo duk mako, ana yi ana tsotse dattin cikin tsakuwa, sannan a mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Tsohon kuma a ba shukar tsakar gida, taki ne na banza, zogale ba ya ƙi.

Wani zai ce ai kullum ina ƙara ruwa in ya ragu. Abin da iska ta ɗauka ruwa ne zalla, gishiri da naitiret suna nan suna ƙara kauri, musamman da hunturu da ruwa ke bin iska kamar ana sata. Ƙara ruwa a miya bai fitar da ƙudan da ya faɗa ba.

Yawancin kifayen nan na ƙasashen zafi sun fi son digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba sa son hawa da sauka. Ka ce wa mutumin Sakkwato ko Damagaram ya sayi hita don kifi ya yi dariya, amma daren hunturu yakan sanyaya ruwa har kifi ya takure ya kamu da cuta. Kifi ba shi da bargo.

Da bazara kuwa matsalar ta juya: ruwa mai zafi bai riƙe iskar oksijin da yawa, sai ka ga kifaye sun taru a sama suna haki. A juya fanka tana hura saman ruwan, ko a sa gorar ƙanƙara a rufe ta yi iyo. Kowa na shan Afrilu, har na cikin ruwa.

Kumfar nan mai tasowa daga dutsen iska ado ce fiye da yadda ake zato. Akasarin oksijin ta saman ruwa take shiga, aikin kumfa shi ne ta girgiza saman ta juya ruwan. Maroƙi ke nan, ba shi ke ba da kyauta ba amma shi ke motsa taro.

In an ɗauke wuta, abin da mu ba baƙonmu ba ne, matata ta tsaya, bakteriyarta su fara galabaita bayan 'yan sa'o'i. Masu dabara suna da famfon iska mai batir, marasa shi kuma sai a ɗebi ruwan da kofi a riƙa kwararo shi daga sama. Dama kun iya, haka ake fifita shayi.

Wani tarkon kuma: famfon iska in yana ƙasa da tanki, ana ɗauke wuta ruwa zai iya biyo siririn tiyo da baya ya malale falo. 'Yar roba mai hana komawa baya, wadda kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ita ke tare shi. Ko ka saya, ko ka sayi sabon kafet.

Wannan a ja masa layi. Maganin sauro na fesawa guba ne mai kaifi ga kifi, ɗan abin da ya sauka a saman ruwa ya isa ya share tanki kafin asuba. A rufe tanki, a kashe famfon iska, sannan a fesa. In ba haka ba sauro ya tsira, kifi ya biya bashi.

Gefen taga ya fi kyau a ido, amma hasken rana shi ne abincin gansakuka, cikin mako biyu gilashi ya koma kore shar. Fitila ta sa'a 6 zuwa 8 ta wadatar. Kifi ka sayo, ba miyar kuka ba.

Kifi ba shi da fatar rufe ido, don haka ido buɗe yake barci, yana lilo a wuri ɗaya ko ya lafe a ƙasa. Wanda ya bar fitila har safe wai don kada su ji tsoro, hana su barci ya yi. Mai gadi ma yakan so a rage haske.

Niyon tetira, ɗan kifin nan na yankin Amazon mai layi shuɗi kamar an kunna masa wuta, yakan dushe da dare ya koma fari-fari. Ka kunna fitila da asuba ka ɗauka ciwo ne, bayan 'yan mintuna launi ya dawo. Kwalliya ce, ba a kwana da ita.

Yara da ƙwanƙwasa gilashi sai Allah. Sauti a ruwa ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, ga kifi da wani layi a gefen jiki mai jin kowace girgiza, don haka ɗan ƙwas ɗinka a wurinsa tamkar dukan ganga ne a kunne. Sallama da ido ta isa.

Yunwa ba ta cika kashe kifin tanki ba, ƙauna ce ke kashe shi. Abin da za su cinye cikin minti biyu ake ba su, sau ɗaya ko biyu a rana, saura duk ruɓewa zai yi ya koma amoniya. Kuma kada roƙonsu a bakin gilashi ya ruɗe ka, ko yanzu suka ci haka za su yi.

Babban kifi mai lafiya yana iya mako guda ba abinci bai ko rame ba. Haɗarin tafiya shi ne maƙwabci mai kirki da ka bar wa gwangwani, ya ga abin tausayi ya juye rabi, ƙanensa ya biyo da loma ta tuwo. A ƙulla kason kowace rana daban, a ɓoye sauran.

Ledar da ake ƙullo kifi a ciki ruwanta kaɗan ne, iska ta fi yawa, kuma da gangan ne, don oksijin ta fi ruwa ƙarewa da wuri. In ka iso gida sai ka ɗora ledar a saman tanki minti 15 zuwa 20 ɗumi ya daidaita, ka kwashe kifin da raga, ruwan kanti a zubar. Baƙo ya shigo, takalminsa a waje.

Tsofaffin hannu ba sa haɗa sabon kifi da na gida sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani ƙaramin tanki ana kallon take-takensa. Abin da ake tsoro shi ne cutar farin ɗigo, wadda ke sa kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jiki a dutse. Su sun san killacewa tun kafin duniya ta koya.

Doka mafi sauƙi a zaman tanki: duk abin da ya shiga bakin kifi abinci ne. Kifin anjel mai tafiyar ƙasaita yakan tashi tare da niyon tetira lafiya lau, ranar da bakinsa ya isa sai ka fara ƙirga goma, tara, takwas. Zumunci iyakarsa faɗin baki.

Tetira da daniyo da ire-irensu 'yan garke ne, ƙasa da shida sai su firgice, su ɓuya, launi ya gudu. Sabon shiga kuwa yakan sayi ɗaya-ɗaya daga kowane launi kamar mai zaɓen atamfa. Tanki ya cika, kowa maraya.

Gufi, ɗan ƙaramin nan mai jela kamar mafici, ba ya yin ƙwai, haihuwa yake, kusan duk wata. Macen tana iya adana abin namiji a jikinta watanni, don haka ka sayo mace ita kaɗai ka wayi gari da 'ya'ya 20 ba ka taɓa ganin angon ba. Ba a zargin kowa, da guzurinta ta zo.

Sai dai uwar ba ta san kara ba, tana gama haihuwa za ta juyo ta fara haɗiye su in ba su sami ciyawar ɓuya ba. Duk da haka yawansu ya sa aka kai gufi ƙasashe da dama daga mahaifarsa a arewa maso gabashin Kudancin Amurka, don ya cinye tsutsar sauro. Ma'aikacin lafiya ne, tarbiyya ce dai babu.

Akwai wata 'yar'uwarsa, molin Amazon, wadda duk jinsinta mata ne. Takan nemi namijin wani jinsi na kusa don ya tayar da ƙwan kawai, 'ya'yan su fito kwafin uwa sak. Ba ma a kogin Amazon take ba, a Meziko da Tekzas take, sunan na mayaƙan mata ne na tatsuniyar Girka. Ango ya zo biki, gado kuwa babu sunansa.

Beta, mai fikafikai kamar babbar riga, ɗan gonakin shinkafar Tailan ne, kuma maza biyu ba sa zama tanki ɗaya sai an yi jini. Ka nuna masa madubi ya buɗe wuya ya kumbura, yana shirin dambe da kansa. Sarki biyu, gari ɗaya, ko a gilashi bai yiwu ba.

Shi wannan mafaɗacin yana da wata gaɓa a ka da yake shaƙar iska kai tsaye, har in aka hana shi leƙowa sama zai iya nutsewa ya mutu, kifi guda. Shi ne kuma ke tofa kumfa ya gina sheƙa, ya tsince ƙwai da baki ya jera, ya kori uwar ya yi gadi. A waje zaki, a gida mai goyo.

Kori, ɗan gajeren mai gashin baki da ke kiwo a ƙasan tanki, yakan harba sama a guje ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse oksijin, sauran ta fita ta baya. Yana kuma juya ido ƙasa farat ɗaya, sai ka rantse ƙifta maka ya yi. Ya san abin da ya aikata.

Kowane mai kanti zai tallata maka fileko, mai manne baki a gilashi, wai shi ne mai shara. Ɗan yatsa ne ranar saye, amma na gama-garin yakan kai santimita 30 zuwa 50, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa. Ɗan hakin da ka raina.

Har camfi gare shi. Wasu masu kiwo a intanet sun daɗe suna ƙin rubuta sunansa cikakke, sai su sa tauraro a madadin wasali ɗaya, wai in ka rubuta duka naka zai mutu. Ashe ba mu kaɗai ke ƙin kiran maciji da dare ba.

Kifin zinariya, wanda kowa ya fara sani, ba ɗan ajin kifayen ƙasashen zafi ba ne: ruwa mai sanyi-sanyi yake so, ga ci ga ƙazanta, yakan wuce santimita 30, ya kuma haura shekara 10 har 20. Zancen wai ƙwaƙwalwarsa daƙiƙa uku ce ƙarya ne, yana riƙe abu watanni. Ya san wanda ke ba shi abinci, ya san mai rowa.

A Sin aka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma a zamanin daular Song an hana talaka ajiye mai launin rawaya, don rawaya ta gidan sarauta ce. A 2005 kuma birnin Rum ya haramta ajiye shi a kwanon gilashin nan mai kamar tulu. Kifi ɗaya, doka biyu, tsakaninsu ƙarni takwas.

Ana cewa kifi daidai tankinsa yake girma. Gaskiyar ita ce tsumburewa yake, ƙunci da gurɓataccen ruwa su hana shi kai girmansa, ya mutu da wuri. Kifin rijiya ma ba don yana so ba ne.

Wani mai ratsin baƙi da ruwan lemo daga Borniyo da Sumatara, kilawun loc, yana da ɗabi'ar kwanciya a gefe ɗaya kamar gawa. Ka ɗauko raga kana salati, kana taɓa shi ya zabura ya bar ka riƙe da baki. In yana cin abin da yake so kuma har ƙas-ƙas za ka ji daga waje, santi ke nan.

Gurami mai sumba yakan haɗa leɓe da ɗan'uwansa, masu kallo su ce kai, soyayya. Gwajin ƙarfi ne, ture-ture ake a ga wanda zai ja da baya. Ba duk haɗa baki ne shiri ba.

Oska kuwa sai ka ce mage. Yana gane mai ba shi abinci, yana tumɓuke shuka ya kwashe tsakuwa ya sake fasalin ɗaki yadda ya ga dama, in an canza masa ruwa kuma ya kwanta a kusurwa yana fushi. Ga shi yakan kai tsawon ƙafa guda, don haka sabon shiga ya gaishe shi daga nesa.

Diskas, mai faɗi kamar faifai, yana shayar da 'ya'yansa da wata yauƙi da ke fita a fatarsa, uwa da uba suna karɓa-karɓa. In ɗaya ya gaji sai ya girgije, yaran su koma jikin ɗayan. Raino dai an raba shi daidai, ba gori.

Akwai wani tetira a Kudancin Amurka da ma'auratan ke tsalle tare su manne a ganyen da ke saman ruwa, su yi ƙwai a can inda maƙiya ba sa kaiwa. Namijin sai ya tsaya a ƙasa yana watsa musu ruwa da jela har kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe su faɗo. Noman rani a sama.

Zebira daniyo, mai arha mai juriya da ake ba 'yan koyo, babban malami ne a ɗakunan bincike: kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. A yanke masa wani yanki na zuciya, cikin wata biyu ta tofo. Masu karayar zuciya, ga wanda za ku tambaya.

Ba ka sayi dodon koɗi ba, amma wata safiya ga guda uku a gilashi, bayan wata ɗaya ga ɗari. Ƙwansu ne ya biyo shuka, wasunsu kuma ba sa buƙatar aboki kafin su hayayyafa, kuma yawansu shaida ce cewa kana cika abinci. 'Yan gayyar soɗi, har da tona asirin mai gida.

Amma fa kada a ce za a ɗebo na kududdufi ko na madatsar ruwa don ado. Wasu ƙananan dodon koɗin ruwayenmu su ne masaukin tsutsar da ke kawo tsargiya. Wannan arahar ba ta ado.

Masu ajiye jan jatan lande sukan ga fatar ɗaya a ƙasa fara fat su fara ta'aziyya. Saɓa ya yi, yana can bayan dutse yana jiran sabuwar riga ta yi ƙwari, kuma a bar tsohuwar, za su cinye ta. Gwanjo ba ya fita daga gida.

Shukar da aka fi ba sabon shiga, anubiyas, 'yar gabar kogunan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, ba ta son haske da yawa, ba ta son fitina. Abu ɗaya ne ke kashe ta, a binne kaurin jijiyarta a yashi. Ɗaure ta ake da zare a jikin dutse ko itace. Shukar da ba a shukawa.

Kainuwa kuwa, da muke turewa da ƙafa a bakin tafki, masu tanki a ƙasashe da dama da kuɗi suke sayenta, don tana zuƙe naitiret tana ba 'ya'yan kifi mafaka a cikin saiwoyinta. Mu mun ce dashen Allah. Su sun sa mata farashi.

Tunda mun dawo gida, ga wani. Kifi mai haɓa kamar hauren giwa da ake ji da shi a kantunan Turai da Japan daga kogin Neja da maƙwabtansa ake kai shi, yana fitar da 'yar wutar lantarki yana laluben hanya da ita cikin duhu. Ƙwaƙwalwarsa na cinye kusan kashi 60 na oksijin da yake shaƙa, tamu kashi 20. A rage cika baki.

Kiribensis ma namu ne, daga kudancin Nijeriya da Kamaru, kuma yana cikin masu sauƙin kiwo. A wurinsu mace ce ke tallan kanta: cikinta ya yi ja jawur, ta lanƙwasa jiki tana karkaɗawa a gaban namiji, bayan an ƙyanƙyashe kuma su fito da yara kiwo a jere. Ba lefe, ba sadaki, ga zaman lafiya.

Wani ɗan gidan su ƙurungu daga kogin Kwango a rigingine yake iyo, har cikinsa ya fi bayansa duhu don ɓad da kama. Akwai irinsa a Nilu da Neja da tafkin Cadi, kuma mutanen Masar na dā sun zana shi a bangon kaburbura, ciki a sama. Shekaru dubbai, bai gyara kwanciya ba.

Kifin malam-buɗe-littafi na ruwayenmu yana lafewa a saman ruwa kamar busasshen ganye, yana jiran ƙwaro, kuma gwanin tsalle ne. Shi da beta da wasu da yawa su ne dalilin da ya sa ake yi wa tanki murfi. In ƙirga bai cika ba, a duba bayan kujera kafin a zargi mage.

Karfasar da muke soyawa tana da dangi ɗaruruwa masu launi a tafkin Malawi, kuma da yawansu hali ɗaya: uwa ta kwashe ƙwai a baki, ta yi mako biyu ko uku ba ci, har bayan sun fito in sun tsorata su ruga su koma ciki. Kowa ya taɓa riƙe alewa a baki ya ƙi haɗiyewa ya san wannan jarumta ce.

Kifin kili na kududdufan Mozambik da Zimbabuwe yana balaga cikin kusan mako biyu, ya yi ƙwai a laka, ya mutu in ruwa ya ƙafe, ƙwan ya jira damina mai zuwa. Shi ya sa masu kiwo ke aika wa juna ƙwansa cikin 'yar danshin ƙasa a ambulan, a zuba ruwa kifi ya fito. Gaiwa dai ta ji labari ta ce ita da kanta take kwanciya.

Minjirya da talibambam su ma suna da masoya a waje, amma ba na ɗan koyo ba ne. Ita tana iya sakin wuta sama da bolt 300, shi kuma haƙoransa ba sa daina tsiro sai ana ba shi masu ɓawo yana gurgura, ga shi ba ya ga maciji da kowa. Tanki guda, ɗan haya guda.

A Landan aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a 1853, a 1869 kuma aka kai kifin aljanna daga Sin zuwa Faransa, yana cikin na farko daga ƙasashen ɗumi da Turawa suka kiwata. Kafin hita ta lantarki, ƙasan tanki na dutse ne ko ƙarfe, ana kunna 'yar wuta a ƙarƙashi. Tsakanin kiwo da farfesu, lagwani ne kawai.

In kifi ya fi ƙarfin tanki, a mayar wa mai kanti ko a ba wani, kada a kai kogi wai an 'yanta shi. Fileko da aka saki a Meziko ya cika ruwaye yana yaga raga, har masunta suna kiransa kifin shaiɗan. Wani ya yi sadaka, wasu suna biya.

Duk wanda ya kafa tanki a garuruwanmu kuwa ya tanadi amsar tambaya ɗaya, don ko kawu ne ya zo, ko gwaggo, ko mai gyaran wuta, sai ya duƙa ya ƙura wa niyon tetira ido ya ce, to yaushe za su isa ci? Tsawonsa duka bai wuce santimita 4 ba. Ka ce masa ana jiran tukunyar ta ƙanƙance.